Lufus, Tireg da masu tallar "gyara efijenetik"

"Salam Dakta, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ina aji uku a bayokemistiri, a Tudun Wada muke. Yayata ce ke fama da lufus kusan shekara huɗu, tana kan haidiroksikulorokwin da firedinisolon, wani lokaci ta samu sauƙi wani lokaci abun ya taso, gaɓoɓi su kumbura fuska ta feso da ƙuraje. Na ga an ba da kyautar Nobel ta 2025 akan wasu sel da ake kira Tireg masu hana garkuwar jiki cin mai ita, da na shiga karance-karance sai na ga ana ta maganar efijenetik wai shi ke sa su tsaya ko su lalace. Yanzu wata mata a WhatsApp tana tallar wani gari wai yana gyara efijenetik har mutum ya daina shan maganin asibiti, Yaya kuma ta gaji da magani ta fara sauraronta. Dan Allah meye gaskiyar abun, kuma akwai abinda zamu iya yi a gida?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya ba Yaya lafiya Ya sa kaffara ne, kai kuma ka kyauta da ka yi tambaya kafin a kai ga sayen garin nan. Lufus dai ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta kai wa naman jikin mai ita hari. In na fahimce ka abu uku kake son sani, su waye Tireg, me ke riƙe su akan aikinsu har kumburi ya kasa juya su, sannan ko akwai abin ci ko na sha da zai gyara su har a ajiye maganin asibiti. Na ƙarshen ne mai gaggawa dan haka bari in sallame shi tun yanzu: kar ta ajiye magani, musamman firedinisolon ɗin. Wanda ya daɗe yana shansa in ya yanke lokaci ɗaya BP na iya faɗuwa, ga amai ga suma, saboda glandin da ke saman ƙoda ya riga ya yi barci ya daina yin nasa sinadarin. A hankali ake rage shi kuma likitanta ne zai tsara. Sauran bayanin tunda kai ɗan bayokemistiri ne ba zan tauna maka sosai ba.

Su waye Tireg

Sel ɗin T, sojojin garkuwar jiki da ke yawo a jini, a taimos suke samun horo, ɗan glandin nan da ke bayan ƙashin ƙirji. A can ake tantance su, duk wanda aka ga yana kama naman jikin mai shi da ƙarfi sai a kashe shi tun bai fito ba, amma tantancewar bata cika ɗari bisa ɗari, wasu suna zillewa su shiga jini, dan haka ni da kai da kowa muna yawo da sel ɗin T da zasu iya kai wa ƙodarmu ko fatarmu hari. Abinda ke taka musu burki wani ƙaramin rukuni ne cikin sel ɗin T masu alamar CD4, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, su ne Tireg. Suna shanye sinadarin IL-2 ɗin da sauran ke buƙata su hayayyafa, suna amfani da CTLA-4 su hana a zuga sabbi, suna kuma fitar da IL-10 da TGF-beta masu kwantar da kumburi.

Shimon Sakaguchi na Jafan ya nace wa maganar su a lokacin da yawancin masana sun watsar da ita, a 1995 ya nuna cewa sel ɗin CD4 masu ɗauke da CD25 ne, wato abinda sel ke kama IL-2 da shi, in ka cire su daga ɓera garkuwarsa ta juyo kansa. A Amurka kuma akwai wani irin ɓera da ya ɓulla a Oak Ridge tun shekarun 1940, mazan kaɗai ke ciwon, fata ta yi ɓawo saifa ta kumbura su mutu cikin 'yan makonni. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ta lalace, Foxp3, aka kuma ga ita ce dai ke lalacewa a jarirai maza masu cutar IPEX, masu zuwa da gudawa mara tsayawa da ciwon suga tun suna 'yan watanni. A 2003 aka haɗa labarin biyu, FOXP3 ne ke mayar da sel ya zama Tireg. Su ukun nan aka ba Nobel ɗin da ka gani.

FOXP3 kaɗai bai isa ba

Kunna FOXP3 ba wuya gare shi ba. Ka ɗebi sel ɗin CD4 na gama-gari ka sa a faranti a lab, ka zuga su ka zuba TGF-beta da IL-2, cikin 'yan kwanaki zaka ga ya fito fes. Amma da ka janye TGF-beta ɗin da yawansu sai su sake shi su koma yadda suke. A ɗan adam ma abun ya fi rikitarwa dan sel ɗin T da aka zuga yana ɗan nuna FOXP3 na wani lokaci ba tare da ya zama Tireg ba. Shi kuwa wanda ya fito daga taimos a Tireg, ya yi ta rabuwa, 'ya'ya da jikoki duk Tireg. To me ya raba su alhali DNA ɗinsu ɗaya ne harafi da harafi?

Amsar ita ce efijenetik, wato alamun da ake sa wa DNA su buɗe ko su rufe ƙwayar gado. Ka tuna metileshan, ɗan CH3 ɗin nan, wato metil, da ake liƙa wa saitosin (harafin C na DNA) a inda guwanin (harafin G) ke biye da shi. Bai canza harafi ba, amma in ya taru a wuri sai furotin ɗin da ke zuwa su kunna ƙwayar gadon su kasa zama, wurin ya rufe. Kuma alamar tana bin gado daga sel zuwa sel, in sel ya rabu biyu enzayim ɗin DNMT1 yana bin sabon zaren yana kwafe alamun daidai inda suke a tsohon. A 2007 wasu masu bincike a Jamus suka leƙa wani yanki a cikin FOXP3 wanda baya zama furotin, suka tarar a Tireg na asali wurin a wanke yake tas babu metil, a sauran sel ɗin T kuma a cike yake, har waɗancan da aka kunna wa FOXP3 a faranti yawanci nasu a rufe yake. Suka kira wurin TSDR, zaka kuma ga ana ce masa CNS2 a aikin Alexander Rudensky da mutanensa na 2010. In wurin a buɗe yake sai furotin masu kunnawa irin STAT5 da Runx1 da CREB su zo su zauna, har shi FOXP3 ɗin yana dawowa ya zauna a wurin ya ci gaba da kunna kansa, kaga abu ya zama mai riƙe kansa da kansa kenan.

Yadda nake faɗa wa ɗalibai shine bambancin mai unguwar da aka naɗa wa rawani da wanda aka ce ya yi riƙon ƙwarya. Ranar zaman lafiya duk su biyun suna ƙofar gida suna sasanta mutane, baka iya bambance su. Sai ranar da rigima ta tashi 'yan uwa suka zo da zafi suna ja, a nan mai riƙon ƙwarya zai iya miƙewa ya bi ɓangare, naɗaɗɗe kuwa da wuya. Wanke metil daga TSDR shine naɗin. A 2012 mutanen Sakaguchi a Osaka suka ƙara nuna cewa irin wannan wankin yana nan a CTLA-4 da GITR da Eos, kuma baya jiran FOXP3, abu biyu ne ke tafiya tare, in ɗaya ya ɓace ba a samu cikakken Tireg ba.

Masu wankin su ne enzayim ɗin TET, musamman TET2 da TET3, waɗanda Anjana Rao da mutanenta suka gano aikin danginsu a 2009. Suna buƙatar ayon, wato sinadarin ƙarfe, da oksijin da alfa-kitogulutaret ɗin nan da kuka haddace a zagayen Krebs, bitamin C kuma yana ƙara musu ƙarfi. A 2016 aka nuna cewa in ka zuba bitamin C a farantin da kake haɗa Tireg, TSDR yana wankuwa sel ɗin su fi tsayawa. Ka riƙe wannan, daga irin nan masu talla ke samo abin faɗa.

Amma fa kar ka ɗauka metil abokin gaba ne. In aka cire DNMT1 daga Tireg na ɓera, ɓeran mutuwa yake da kumburi, domin metil ɗin ne ke rufe ƙwayoyin gadon faɗa a cikin Tireg ɗin kansa. Haka EZH2, wanda shi histon yake wa alama, furotin ɗin da DNA ke nannaɗe a jikinsu, in babu shi da an zuga Tireg sai ya kasa riƙe kansa. Tireg nagari yana son wasu wurare a buɗe wasu a rufe gam, a sel guda a lokaci guda.

A lufus ɗin ma in ka duba, sel ɗin T metil ɗinsu ƙasa ya yi a wurare da dama. Ƙwayoyin gadon da ke amsa kiran intaferon, sinadarin da ke zuga garkuwa, sun buɗe, CD70 ya buɗe, CD40L da ke kan kuromosom X ɗin da ya kamata ya yi shiru a jikin mace shima ya buɗe, wannan na cikin dalilan da ake kawowa na cewa cikin masu lufus goma kusan tara mata ne. Akwai ma magunguna biyu da aka daɗe da sanin suna haifar da ciwo mai kama da lufus in an yi watanni ana sha, haidiralazin na hawan jini da furokenamaid na bugun zuciya, kuma duk biyun suna rage metileshan a sel ɗin T. Ba allurar da ake wa mai ciki in jininta ya hau nake nufi ba, wannan ta ɗan lokaci ce, kar wani ya karanta ya je yana musu da nas. To wanda ya ce garinsa yana "gyara efijenetik", ka tambaye shi a wane sel, a wace ƙwayar gado, ƙarawa yake ko ragewa? In ragewa yake ko'ina ai aikin haidiralazin kenan, in ƙarawa yake ko'ina ya rufe TSDR. Babu garin da ke cikin leda da ya san adireshi.

Abinda kumburi ke yi musu

A wurin da kumburi ya yi tsanani, kamar cikin gwiwa mai amosani ko ƙodar mai lufus, ruwan da sel ke ciki cike yake da IL-6 da IL-1 da TNF. IL-6 ne babban mai laifi a wannan maganar. Yana tayar da STAT3, shi kuma yana gogayya da STAT5 ɗin da IL-2 ke tayarwa, kuma abin haushi TGF-beta ɗin da in shi kaɗai ne Tireg yake haifarwa, in ya haɗu da IL-6 sai ya haifar da Th17 masu rura kumburi. A 2014 aka bi ɓerayen da aka yanke wa CNS2 gaba ɗaya, Tireg ɗinsu sun fito daga taimos lafiya lau, sai da suka fara rabuwa a cikin kumburi FOXP3 ya riƙa zubewa daga 'ya'yansu.

Masana sun daɗe suna musu akan ko Tireg na gaske yana juyawa ya koma mai kai hari. A 2009 wasu a Amurka suka sa wa duk sel ɗin da ya taɓa kunna FOXP3 alama ta dindindin, suka tarar da wasu sun sake shi suna fitar da intaferon-gama. A 2010 ɓangaren Rudensky suka yi nasu alamar ta wata hanya suka ce a'a, Tireg na tsaye daram ko a cikin cuta. A 2012 Shohei Hori ya zo da abinda ya sasanta su, yawancin waɗanda suka juya ashe tun asali TSDR ɗinsu ba a wanke yake ba, ɗan kunna FOXP3 kawai suka yi suka wuce, na asalin kuwa ko ya dusashe yana dawowa. Sai a 2014 aka nuna a ɓeraye masu amosanin gaɓɓai cewa irin waɗannan marasa ƙwari, IL-6 na cikin gaɓa yana mayar da su Th17, kuma suna cikin masu tayar da sel ɗin da ke cin ƙashi. Ni a nawa karatun nan gaskiyar take, naɗaɗɗu yawanci suna riƙewa, na gefe ne ke zamewa, sai dai ko na gefen kaɗan ne ɓarnarsu ba kaɗan ba ce tunda dama naman jiki suke ganewa.

A lufus akwai wata hanyar asara da ta fi juyawa muhimmanci a ganina, ita ce yunwa. Tun shekarun 1980 aka san sel ɗin T na masu lufus basa fitar da IL-2 yadda ya kamata, daga baya aka gano wani furotin CREM-alfa yana yawa a cikinsu, yana zama akan ƙwayar gadon IL-2 ya jawo enzayim masu rufe wurin, kaga shima efijenetik ne. Tireg kuwa basa yin IL-2 nasu, na maƙwabta suke ci. In babu shi STAT5 baya zama akan CNS2, CD25 ya ragu, Tireg su yi rauni, kumburi ya ƙaru, ƙaruwar kumburin ta ƙara takura su, haka abun ke ta zagayawa. Shi yasa duk watan da Yaya ta yi ciwon na kwance, IL-6 da intaferon sun sauka, wannan watan hutu ne ga Tireg ɗinta. Haidiroksikulorokwin ɗin, wato HCQ, da sauran magungunanta ba dan Tireg aka ƙirƙire su ba, amma cikin abinda ke hannunmu yau a Kaduna babu abinda ya kai su katse wannan zagayen.

Me yasa bama auna su a asibiti

Lokaci-lokaci ana zuwa min da buƙatar, Dakta a yi mana gwajin Tireg mu ga nawa suka rage. Injin ƙirga CD4 kam akwai shi a manyan asibitoci sanadin shirin yaƙi da HIV, amma jimilla yake bayarwa. Ko ka samu babban injin da zai ware masu FOXP3 lissafin na iya yaudararka, tunda zugaggen sel ma yana nuna shi kuma jinin mai lufus cike yake da zugaggu, shi yasa in ka bi binciken da aka yi wani zai ce Tireg sun ragu a lufus, wani ya ce daidai suke, wani ma ya ce sun ƙaru. Gwajin da ya fi gaskiya shine a duba TSDR kai tsaye. Ana jiƙa DNA da baisalfait, duk saitosin ɗin da babu metil a kansa sai ya rikiɗe ya koma yurasil, in aka yi PCR ya fito a T, mai metil kuma ya zauna a C ɗinsa, sai ka karanta layin, na Tireg ɗin asali TG zaka riƙa gani a guraben, na bogi kuma CG. Ga wani wurin da ke kayar da ɗalibai, FOXP3 akan X yake, mace X biyu gare ta ɗaya an rufe shi tun tana ciki, dan haka ko duk sel ɗin da ka ɗiba daga jinin Yaya Tireg ne tsantsa kusan rabi kawai zaka gani a wanke. Gwajin na bincike ne, kayansa da dala ake saye, yana son firiza da wutar da bata ɗaukewa, kuma ko a Turai ba da shi ake yanke shawarar maganin lufus ba.

Ni in mai lufus ta shigo abinda nake fara nema fitsari ne. Ɗan tsinken nan mai kala-kala da ake tsomawa, in gurbin furotin ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma kore hankalina ya fi tashi akan duk wani ciwon gaɓa, domin ƙoda bata kuka sai ta yi nisa. Sai BP, kiriyatinin, ƙirgen jini, C3 da C4 da anti-dsDNA in aljihu zai ɗauka. Sannan in ce a juye min ledar magani akan tebur, dukkanta. A nan ake ganin gaskiya, katin HCQ an ɓalli huɗu an bar sauran, kwalbar jiƙo babu suna, ƙullin gari, wani lokaci har da dekza, sitiroyid ɗan uwan firedinisolon, daga kemis wai ƙawa ce ta ce yana sa ƙiba. Na sha ganin wadda zata ce ta bar na asibiti ta koma wani haɗi ta ji garau nan take, amma fuska ta cika ta yi tulu-tulu, ciki ya yi nankarwa, suga ya hau. Wannan aikin sitiroyid ne ƙarara, an zuba shi ne a cikin haɗin ba a faɗa mata ba, kuma babu wanda ya san ko nawa.

Abinda za a iya yi a gida

Akwai, sai dai taimako ne a gefen magani. A 2013 ƙungiyoyi uku suka nuna a ɓeraye cewa ƙwayoyin bakteriya na hanji in suka narka harzar abinci suna fitar da wasu ƙananan asid, cikinsu har da butiret, shi kuma yana danne enzayim ɗin HDAC, histon ɗin da ke wajen FOXP3 su saki, Tireg su ƙaru a hanji. Wake, gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari fat ba, acha, kuɓewa, miyar kuka, kwaɗon zogale, rama, duk harza ce, kuma a Kasuwar Bacci ko ta Kawo ba sai an ci bashi ba. Bitamin C kuma gwaiba da lemo da 'ya'yan kuka sun wadatar. Abinda aka gani a faranti ba zai sa in ce ta riƙa haɗiyar manyan ƙwayoyi ba, jini yana ƙoshi da shi sauran ya bi fitsari, kuma yawansa na iya kawo tsakuwar ƙoda, ga mai lufus da dama ƙodar muke lallaɓawa.

Gishiri shine wanda na fi matsa wa mutane a kai. A 2013 aka nuna yawan sodiyom yana ƙarfafa Th17, a 2015 kuma aka nuna yana raunana aikin Tireg har su fara fitar da intaferon-gama. Ko babu wannan ma, mai shan firedinisolon gishiri na ƙara mata kumburin jiki da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 a rana ta ce, kamar ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya da sinadarin taliyar leda da yajin tsire, ba wanda aka barbaɗa kaɗai ba. Rana ma tana tayar da lufus, a zafin Maris da Afrilu ta riƙa ɗaukar lema tana shafa man kariya a fuska da hannu, hijabi baya rufe nan. Duk abinda aka rubuta masa "mai ƙara garkuwar jiki" kuma ta yi nesa da shi, ita garkuwarta ba ƙarfi ta rasa ba. In garin matar nan yana da lambar NAFDAC ku karanta kwalin da kyau, irin waɗannan kayan sau da yawa a jikinsu an rubuta cewa hukumar bata tantance iƙirarin warkarwar ba.

Inda bincike ya dosa

Tunda Tireg sun fi kowa jin IL-2, an yi tunanin a ba mutum ɗan kaɗan wanda su kaɗai zai isa. A 2011 aka fara ganin amfanin haka a wasu cututtuka biyu na garkuwar jiki, daga baya aka gwada a lufus a Jamus da Sin, Tireg suna ƙaruwa kam, wasu marasa lafiya sun samu sauƙi, amma sakamakon gwaje-gwajen da aka kwatanta da maganin bogi ya gauraya, dan haka bai zama maganin yau da kullum ba. Ana kuma ɗibar Tireg na mutum a hayayyafa su a lab a mayar masa, an gwada a masu dashen ƙoda, kuma kafin a mayar TSDR na cikin abinda ake dubawa. Wasu ma sun yi amfani da CRISPR, fasahar da ke gano takamaiman wuri a DNA, suka kai TET daidai kan TSDR suka wanke shi, FOXP3 ya kunnu, amma sel ɗin basu zama cikakkun Tireg masu aiki ba. Magungunan da ke cire metil ko'ina irin azasitidin suna nan, na kansar jini ne kuma masu nauyi ne. Sannan yawan Tireg shima ba alheri ne zalla ba, cutar kansa tana tara su su kare ta, kuma a ƙasar da tarin TB da zazzaɓin cizon sauro suke ko'ina danne garkuwa ba abin wasa ba ne.

Ka lura yawancin abinda na lissafo a ɓera da faranti aka gani, jikin mutum ba kullum yake bin su ba. Ni kuma ban ga Yaya ba ban ga fayil ɗinta ba, dan haka ba zan taɓa adadin maganinta daga nan ba.

Gajiyar da ta yi gaskiya ce, kar ku yi mata faɗa, shekara huɗu ana haɗiyar ƙwaya ga ƙiba ga canjin fuska ba ƙaramin abu ba ne. Ka raka ta ganin likita na gaba ta faɗa masa ta gaji a fili, ku tafi da ledar maganin gaba ɗaya har da garin in an riga an saya. Burin da ake bi yanzu shine a sauke firedinisolon zuwa miligiram 5 ko ƙasa a rana, in ciwon na tashi duk sanda aka rage to alama ce ana buƙatar ƙara wani maganin da zai ɗauke masa nauyi, wannan aikin likitan gaɓoɓi ne ko na ƙoda, a nemi a tura ta asibitin koyarwa, Barau Dikko a nan cikin gari ko Shika a Zariya. In tana da niyyar ɗaukar ciki ta faɗa tun wuri, HCQ ana ci gaba da shi amma metotireksat da maikofenolet basa haɗuwa da ciki. Fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa ko fuska da safe, zazzaɓi, ciwon ƙirji, waɗannan ba a jiran ranar kilinik. Sannan tunda ta doshi shekara biyar akan HCQ lokacin duba bayan ido duk shekara ya zo, ku je asibitin ido na ƙasa da ke Mando ku ce musu maganin da take sha da shekarun da ta yi a kansa.